Karyar da Na Riƙa a Al-Naseem

Ni da kare, tun ina yarinya, sai dai kallo daga nesa. A gidanmu ko zaure kare ya leƙo, sai an bi sawunsa da buta. To ga ni a unguwar Al-Naseem ta birnin Riyad, da shekara arba'in da ɗoriya, wai ni ce mai riƙon karya.

Maƙwabciyata ce ta ja min, wata Balarabiya likitar dabbobi da ke cikin masu ceto karnukan titi. A bayan wani sito aka tsinto karyar, can Birnin Masana'antu na Biyu, daga ƙashi sai fata. Wurin ajiyarsu ya cika, ni kuma ina da ɗan tsakar gida mai rumfa. Maigidana ya ce, "Ke da ba kya iya ratsa layin da kare ke kwance?" Don haushin wannan maganar na amsa wa likitar zan riƙe ta.

Na kula da ita iyakar sanina. Shinkafa da kaza, ruwan sanyi sau uku a yini, don zafin garin nan ba ya wasa. Amma da sandar mopa nake tura mata kwanon, in koma bakin ƙofa. Sai na shige take fitowa ta ci.

Bayan sati uku likitar ta zo ta ga yadda nake yi, ta riƙe baki.

"Ya ukhti, 'yar'uwata, ba kiwo aka kawo miki ba. Hannun mutum za ta koya. In ba ta yarda da hannu ba, babu mai ɗaukarta, keji za ta koma har ƙarshen rayuwarta. Kuma da sanda aka riƙa dukanta."

Kunya ta rufe ni. Ashe kullum da abin dukan nake kai mata abinci.

Washegari na tsuguna da tsokar kaza a tafin hannuna. Karyar ta ƙi matsowa. Kwana huɗu muna haka. A na biyar ta matso ta ɗauka, hancinta mai sanyi ya taɓa ni. Na je na wanke hannu sau bakwai, da la'asar na dawo da wata tsokar.

Wata biyu bayan haka wani dattijo da matarsa suka zo ganin karyar da niyyar ɗaukarta. Dattijon ya miƙa hannu, karyar ta waiwayo ta dube ni.

Na ce, "Je ki mana, 'yar nan."

Ta je, ta kwantar da kai a tafinsa. Abin da na yi ta koya mata ke nan, kuma ta iya. Ban zaci iyawar tata za ta yi min ciwo haka ba.