Waƙar da Aka Yi wa Kakan Babana

Lokacin kullen korona falonmu na unguwar Bin Mahmud, can ƙasar Larabawa inda nake aiki, ya zama ofis, ya zama aji. Ina gefe da zanen gine-ginen birnin Lusail a kwamfuta, 'yata mai shekara goma sha ɗaya tana ɗaya gefen, malamarsu Ba'amurkiya na koyar da su daga nesa. Wata safiya na ga yarinya ta miƙe, ta dafe ƙirji, tana rera waƙar Turanci har muryarta na rawa.

Na ce, "Ke, wa ya mutu?"

"Baba, waƙar manoman Amurka ce, da suka ɗauki bindigogin farauta suka tare sojojin Ingila masu jajayen riguna."

Duk digirina biyu, wallahi ban taɓa zama na yi tunanin cewa Ingilar da ta mallake mu ta taɓa mallakar Amurka ba. Ga su har yau suna yi wa kakanninsu waƙa, sun sa 'yar Hausawa na neman kuka a kan manoman da ba ta haɗa komai da su ba. Kishi ya kama ni. Na ce mata mu ma muna da namu: kakan babana ya ga zuwan Nasara, har waƙa aka yi masa, ina yaro na sha jin mata na yin ta a bakin turmi da sunansa a ciki. Ban tsaya nan ba, na ƙara masa doki da mashi. Bakina ba shi da birki in na samu mai saurare.

Kafin azahar ta fesa wa malama, malama ta ba ta Alhamis ta kawo waƙar gaban aji.

Ni kuwa ko baiti ɗaya ban riƙe ba. Na kira gwaggona a gida, ita kaɗai ta rage cikin manyanmu. Na buɗe muryar waya, 'yata ta zauna kusa da littafi da biro.

"Gwaggo, waƙar nan ta Kaka nake so, ta yaƙi."

Ta yi dariya har da tari. "Wane yaƙi, ɗan nan? Ai zambo ce. Shi ya shige gaba ya nuna wa Nasara inda ganuwa ta zube, suka ba shi riga. Matan gari suka sa shi a waƙa. Maƙwabta ke yin ta in suna son ƙular da kakarka, kai kuwa kana tsakar gida kana tiƙar rawa."

Shekara arba'in ina taƙama da abin da ake yi mana gori da shi, babu wanda ya taɓa tsayar da ni. Na kai hannu zan kashe wayar, amma Gwaggo ta riga ta ɗauko waƙar, tiryan-tiryan, ba ta manta ko kalma ba. Ga daɗi kuma, abin haushi. 'Yata ta rubuta layi uku, sannan biron ya tsaya. Na so a ce Hausarta ba ta kai ba, ashe ta kai.

Da muka yi sallama da Gwaggo, 'yata ta sake duba littafin. Saura kwana biyu Alhamis.

Ta ce, "Baba, rigar da suka ba shi, ja ce?"