Farin Gidan Dallatu

A Unguwar Dabo, wani ƙauye da ke kusa da Zakirai, inda gona ke manne da gona har da damina a rasa wurin ɗaure akuya, akwai wani farin gida mai kama da akwati, ba zanko, ba dakali, ba zaure. Mai shi sunansa Dallatu. Yau ya haura shekara hamsin, kuma da wuya ka sami mutum biyar a garin da za su ambaci sunansa ba su taɓe baki ba.

Shi ne ɗa na biyu a wurin Malam Sama'ilu, manomi mai rufin asiri, wanda zaurensa ya yi suna saboda zayyanar da ke fuskarsa. Wan Dallatu, Uwaisu, ya tsaya a gona. Shi kuwa aka tura shi birni, ya koyi zanen gine-gine, sannan ya yi aiki a ofishin wani mai zanen gidaje a Rijiyar Zaki. A can ya ci karo da littattafan wasu Turawa da suka ce sai an rushe tsohon gini kafin a sami sabon mutum. Maganar ta shige shi sosai. Abin da ya sa ta shige shi kuwa, in ji ƙanwarsu Furera, mahaifiyarsu ce: ta yi shekaru tana tari a ɗaki mai duhu da hayaƙi, wanda tagarsa ba ta fi tafin hannu ba, har ta rasu a cikinsa.

Da Malam Sama'ilu ya rasu, Dallatu ya dawo gida gaba ɗaya. Tun ba a gama karɓar gaisuwa ba ya fara wa mutane wa'azinsa. Ado a jikin gini ƙarya ne. Lungu maɓoyar cuta ce. Gida na gari haske ne da iska da miƙaƙƙen layi, dabba kuma ba ta kwana inda mutum ke kwana. Har takarda ya buga da waɗannan maganganu ya manna a tashar 'yan acaɓa. Da a ce a hankali ya faɗa, wataƙila da wasu sun saurara. Amma shi idan ya buɗe baki sai ya ce wa dattijo gidansa kabari ne mai ƙofa.

Aka raba gado, ɓangaren da zauren yake ya faɗo a rabonsa. Uwaisu ya same shi ya ce, "Ka ɗauki nawa ɓangaren, ya fi faɗi. Ka bar mini zauren Baba."

"Ka yi me da shi, Yaya?"

"In zauna a ciki."

"Zaman da ya hana garin nan ci gaba ke nan," in ji Dallatu.

Da rani ya kama, Uwaisu ya tafi Watari noman tumatir kamar yadda ya saba. Dallatu ya ɗebo leburori daga wani gari, domin na Unguwar Dabo sun ƙi, suka kwantar da zauren. Azarar rufin ya sa aka faskara aka yi itacen girki da ita. Da Uwaisu ya dawo ya tarar da fili da tulin bulo, bai yi ihu ba. Ya dubi Dallatu ya ce, "Daga yau in na mutu, kada ka taɓa makarata." Ya shige ɓangarensa.

Gidan ya tashi, fari fat, da wata ƙatuwar tagar gilashi mai kallon hanya. Masu wucewa zuwa gona suka riƙa rage tafiya suna leƙe. Matarsa Raudatu ta rataya zannuwa a tagar, ya cire. Ta mayar, ya sake cirewa.

"Malam, ina cin tuwo mutane suna ƙirga lomata," ta ce masa.

"Za su saba. Ke ma za ki saba."

"Ni ba kayan shago ba ce."

Ta yi yaji. Da aka dawo da ita, sharaɗinta shi ne a yi mata ɗakin ƙasa a bayan gidan inda za ta riƙa girki da barcin bazara, saboda farin gidan idan rana ta take sai ya zama tanda. Ya yarda, amma ya sa aka dasa darbejiya a gaban ɗakin don kada a gan shi daga hanya.

Uwaisu kuwa bai manta ba. A rabon gadon akwai wata siririyar ƙasa tasa da ta ratsa tsakanin gidan Dallatu da hanya. A kanta ya ɗora katangar ƙasa doguwa, daidai saitin tagar nan, taku biyu tsakani. Sannan ya kira mai zayyana ya ce ya cika ta da ado, ba ta waje ba, ta ciki, inda Dallatu zai riƙa gani duk safiya. Magana ta je gaban dagaci. Dagaci ya ce ƙasar Uwaisu ce, ya roƙe shi ya rage tsawon katangar don zumunci. Uwaisu ya ce zai rage ranar da aka maido masa da zaure. Dallatu ya kai ƙara gaban alƙali, nan ma bai yi nasara ba.

Bayan wasu shekaru ruwa ya ci gidaje a garin, ƙungiyar matasa ta rasa wanda zai auna mata lambatu sai shi. Ya karɓa ba tare da ya nemi komai ba, ya ja igiya miƙe daga masallaci har fadama. Duk abin da igiyar ta taɓa ya ce a cire: kusurwar katangar wani, turken wata, har rumbun wata tsohuwa, Hafsatu, wadda ta zauna a ƙasa tana kuka tana roƙon a ɗan karkata. Ya ce ruwa bai san roƙo ba. Lambatun ya yi aiki, tun daga lokacin ruwa bai sake kwana a garin ba. Babu wanda ya gode masa, shi ma bai taɓa zuwa ya ba Hafsatu haƙuri ba har ta rasu. Wasu da suka yi sabon gini daga baya sun faɗaɗa tagoginsu, amma idan ka ce a wurin Dallatu suka gani, faɗa za a yi.

Bara Furera ta aurar da 'yarta, ta yi dabara ta haɗa yayyen nata biyu a ɗaki ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Dukanku kun yi furfura," ta ce. "Kai Yaya Dallatu, ka ce ka yi kuskure. Kai kuma Yaya Uwaisu, ka sauke katangar. Ni ce zan biya leburorin."

Uwaisu ya ce, "Ya faɗa, in sauke gobe."

Dallatu ya sunkuyar da kai. Daga baya Furera ta ce a lokacin har ta fara sa rai. Sai ya ɗago ya ce, "Na yi kuskure da ban jira ka dawo ba. Da a gabanka na rushe zauren."

Uwaisu ya miƙe, ya ce wa Furera ta ba shi hanya. Ta matsa, ya saka takalmansa ya fita. Da kaka ta yi ya sa aka ƙara wa katangar tsawo kamu ɗaya, aka yi mata sabon yaɓe.