Ranar Da Aka Ɗora Jirgin A Sikeli

'Yata ta ɓoye mini cewa jirgin saman da take koyon tuƙi ba shi da inji. Har yau ban ce na yafe wannan ba. Karatu na san ta tafi yi Doha. Sai da na je ziyararta, muna zaune a ɗakinta na unguwar Mu'aither muna shan shayi, ta ce, "Umma, malamina ya ce na isa in tashi ni kaɗai, amma ba zan tashi ba sai kin yarda."

Na tambaye ta me ke ɗaga shi. Ta ce wani jirgi ne ke jan sa da igiya, ya sake shi a sama, iska ta riƙe.

Na ce, "Iska uwarki ce? Ban yarda ba."

Ta roƙe ni in je in gani kawai. Na je don in faɗa wa malamin a idonsa.

Filin yana can bayan gari, cikin rairayi. Mun tarar an gyara wutsiyar jirgin, don haka ranar awo ce, ba ta tashi ba. Malamin, wani tsoho Balarabe mai ɗingishi, ya sa aka rufe ƙofofin rumfar da ake ajiye jirgin, aka kashe fanka, wai ko hucin iska yana ɓata awo. Gumi ya jiƙe mini mayafi. Suka kwashe matashi da gorar ruwa, suka zuƙe yashin da ya taru a cikin jirgin, sannan suka ɗora tayar gaba a kan sikeli ɗaya, wutsiya a kan wani.

Tsohon ya kasa durƙusawa, ya nuna mini sikelin baya. "Hajiya, yalla," wato in matso. Ni da sai da na yaye autata na fara riƙe fensir a ajin manya, na karanto masa lambobin da ƙarfi, 'yata tana juya masa. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Ita kuwa tana ƙasa a kan gwiwa, ta saki igiya mai ƙarfe daga gaban fiffike, ta yi alama da alli, ta ja awo har wutsiya. Ta ɗora doguwar tsintsiya a yatsa ta nuna mini. "Umma, nan ne tsakiyar nauyi. In ya koma baya, hanci ya ɗaga, jirgi ya ƙi jin magana." Gyaran ya ƙara wa wutsiya nauyi, ita kuma siririya ce irina, sai an ɗaura mata dalma a hancin jirgin.

Na ce, "Da kina cin tuwo da ba a kai ga dalma ba."

Ta sake lissafin, tsohon ya sake, suka yi gardama a kan abin da bai kai nauyin kofi ba. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar ta mahaifinta in yana gyaran keken ɗinki. Yanzu tana wata ƙasa da 'ya'yanta, ni kuwa wannan rumfa mai zafi nake tunawa.

A mota ta tambaye ni ko na yarda. Na ce ban yarda da abin da ban shiga ba.

Washegari na riga ta shiri. Da muka isa na cire takalmi, na hau sikelin, na ce ta gaya wa tsohon ya rubuta nauyina, shi zai tashi da ni, kujerar baya tawa ce yau.