Ciwon Yayana Mai Suna Biyu

Asubar fari muka bar Manchok, ni da yayana, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Dattawa sun ce mu je babban asibitin Zariya mu dawo da sunan ciwon, domin an fara nuna gwaggonmu da baki, wai ita ta kama shi. Tsohuwar da ta goye mu!

A Kafanchan muka hau jirgin ƙasa. Tasha tana nan da ƙamshin citta da hayaƙin gawayi, kamar lokacin da babanmu yake leburan reluwe muna kai masa kunun acca. Amma ƙosan da muke ci mu ƙoshi a da, tun zuwan naira ya koma kamar ƙwayar magani. A Zonkwa mata suka taso da lemo da dafaffiyar gyaɗa. Yaya ya leƙa taga ya ce, "Ka tuna dukan da muka sha a nan kan satar hawa jirgi?" Ya yi dariya har ciki ya murɗa masa.

A Zariya aka tsaga shi, aka yanki ɗan naman hantarsa, aka ɗora a madubin likita. Muka yi ta jira, ina cin tuwon da ko kare ba zai gode ba. Daga baya wani likita ya zaunar da ni. Ya ce ciwon daji ne, amma na hanta iri biyu suka saba gani: wanda ke tsirowa daga naman hanta, da wanda ke fitowa daga hanyoyin maɗaciya. Na Yaya ya ɗauko kamannin duka biyun, har su kansu likitocin suna gardamar ɓangaren da za su sa shi. Na ce, "Likita, a aji huɗu na tsaya. Ba ni suna ɗaya in kai gida." Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba. Magani kuwa, an makara.

A hanyar dawowa Yaya bai leƙa taga ba.

Da muka iso na faɗa wa dattawa yadda aka faɗa mini, ban rage ba. Kawu ya buga sanda ya ce, "Kun ji! Ciwon da likita ya kasa raɗa wa suna, ai hannun mutum ne." Yanzu ko a majami'a ba mai zama kusa da Gwaggo.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: da na sani, tun a jirgi na zaɓi suna ɗaya na riƙe.