Waken da Ƙwaro Ya Ƙi

Jiya na tsinci ƙwaro a wake, sai Inna, kakata, ta faɗo mini a rai. A toka take adana nata. Takan ce, "Abin da ƙwaro ya ƙi ci, ni ma ba na ci."

Shekarar fari rumbunmu ya ƙare. Wani mai awo a Ɗanbatta ya sayar mana da wake sumul, ba huji, ya rantse bai zuba magani ba. Da ya dahu Inna ta shinshina, ta ce, "Ku dakata, ni zan fara." Bayan kwana biyu muka binne ta.

Har yau ba na amsa gaisuwarsa. Allah Ya jiƙan Inna. Shi kuwa, Allah Ya ciyar da shi abin da ya auna mana.