Hannun Wani a Ƙeyar Direba

A layin da ke bayan tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, akwai wani shagon aski mai kujera ɗaya da benci biyu. Bencin na masu jira ne, ko da yake yawancin masu zama a kai ba aski suke jira ba. Mai shagon ana ce masa Kakaki. Ya samo sunan ne wata shekara da aka ƙara kuɗin shara, ya tsaya a bakin ƙofa da almakashi a hannu ya yi jawabin da sai da mai faci ya kashe injinsa don ya ji. Tun daga ranar ko matarsa, in ranta ya ɓaci, Kakaki take ce masa.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, tun ana yi da aska da sabulu a ƙarƙashin rumfa. Kawun mutum ne marar magana, kuma Kakaki yakan ce shirun da ya tara a shekarun koyo shi yake kashewa yanzu. Da wannan kujera ya yi aure, da ita ya rene 'ya'ya uku, har namijin cikinsu ya koyi gyaran wuta ya tafi wani gari, yana bugo waya in ya tuna.

Ra'ayinsa a kan haraji ba mai tsawo ba ne, faɗarsa ce take da tsawo. A ganinsa inda gashi ya yi yawa nan ake sa inji. "Amma su," in ji shi, yana nuna silin da mataji, "sai su tsallake mai suma, su danne mai sanƙo su yi ta kankara."

Yayan matarsa, tsohon direban bas da kowa ke kira Direba, shi ne babban abokin gardamarsa. Tsakiyar kansa fes take, sai gefe da ƙeya suka rage.

"To kai me ya sa abin da kake karɓa a wurin mai suma shi kake karɓa a wurina?"

"Kai ba gashi kake biya ba, Yaya. Zama kake biya, da bayani."

"Bayanin ai ban ce ina so ba."

"Haka haraji yake. Ka ga ka fara ganewa."

Da aka kawo asusun lafiya, sai Kakaki ya samu abin yi na shekaru. Tsarin shi ne a ɗora wani abu a kan harajin kowane shago, a ba mutum kati. In ba shi da lafiya ya fara zuwa ƙaramin asibitin unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi babba. Ma'aikacin da ke zagayowa karɓa farkon wata, Mai Rasit, ba inda yake samun sauƙi kamar shagon Kakaki, ba kuma inda yake shan wahala kamarsa. Kafin ya gama sallama an miƙa masa kuɗin, don Kakaki ya ce wanda bai biya ba ba shi da bakin zagi. Sai dai in ya karɓa ba ya fita da wuri.

"Zauna, ranka ya daɗe. Ni tun da aka haife ni ban taɓa kwana a asibiti ba. Ciwon wa nake biya wa?"

"Na jama'a ne, Baba."

"Su waɗanda suka zana tsarin, in mura ta kama su, wane benci suke zama a asibitin unguwa? Ko jirgi suke hawa?"

"Ni dai aiko ni aka yi."

"Kullum aiko ka ake yi. Wata rana ka zo da wanda ya aiko ka, aski kyauta."

Yana da shawarwari ma. A mayar wa duk wanda ya shekara bai yi ciwo ba rabin kuɗinsa. A hana duk mai sa hannu a kasafin lafiya ganin likita sai ya bi layi. Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rediyo, da take yawan faɗar mutum dubu kaza da suka amfana da asusun. Ya yi rantsuwa a gaban benci biyu cewa ba za a taɓa ƙidaya shi a ciki ba. Katin nasa kuwa, da shi yake tattara gashin da ya zuba a kan kanta.

Ciwon idon a hankali ya zo, kamar wani ya hura numfashi a madubi. Kakaki ya goge madubin. Ya canza ƙwan fitila, ya yi mako yana zagin kamfanin wuta. Ya sayi sabon madubi, shi ma ya zo da hazonsa. Ranar da ya rufe ido ɗaya ya ga ɗayan ma haka yake, ya gane yanar ido ce, bai kuwa gaya wa kowa ba.

Ai ba dole ba ne, a tunaninsa. Kawunan layin nan duk a tafin hannunsa suke. Ya san tabon da ke bayan kunnen mai faci, ya san tudun da ke kan mai fenti, ya san inda gashin Mai Rasit yake juyawa hagu. In baƙo ya shigo sai ya ce inji ya yi zafi, a dawo gobe. Haka ya ci gaba da aski da jawabi, yana ganin asirinsa a rufe yake ruf.

Wata safiya Direba ya cire hula ya hau kujera. Kakaki ya yafa masa ƙyalle, ya bi ƙeyarsa da babban yatsa kamar yadda ya saba kafin ya kunna inji. Ana cikin maganar harajin gishiri ne, sai maganar ta tsaya a tsakiya. Ya sake bi da yatsan, daga kunne zuwa kunne. Shi tun a rumfar kawunsa zagaye yake yi wa ƙeya. Wannan gashin kuwa a kan layi miƙaƙƙe ya tsiro, da kusurwa biyu kamar bakin akwati.

"Yaya."

"Na'am."

"Wa ya taɓa maka kai?"

"Kai mana."

"Wannan ba hannuna ba ne."

"To ko matashin kai ne ya danne shi."

"Matashin kanku da reza yake kwana?"

Direba ya yi tari.  Kakaki ya ajiye mataji ya nufi benci, ya cire hular mai fenti ba tare da neman izini ba, ya shafa. Kusurwa biyu. Ya leƙa waje ya kira mai faci, wanda ya shigo hannu duk baƙin mai, ya sunkuyar da kai da kansa tun kafin a ce masa. Kusurwa biyu. Mai Rasit, da tsautsayi ya kawo shi a daidai lokacin, ya juya zai koma.

"Dawo, ranka ya daɗe. Hukuma ma a duba ta."

Kusurwa biyu.

Manyan maza suka jeru, kowa da hularsa a hannu, suna kallon ƙasa kamar 'yan makarantar da aka kama sun tsallake katanga. Direba ne ya yi magana, tunda shi kaɗai ne ba za a iya korarsa daga dangi ba.

"In mun fita daga nan, ta bayan shagon fenti muke zagayawa, mu je wurin mai askin tsallaken titi ya daidaita. Rabin kuɗi yake karɓa."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Ranar da ka bar mini saje ɗaya a kunne, ɗaya a haɓa. Haka na je taron tsofaffin direbobi, aka yi ta tambayata ko hatsari na yi."

"Ni kunne ne," in ji mai faci. "Amma ya warke."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"A ina za mu sa maganar? Yaushe ka yi shiru?"

Kakaki ya dafa bayan kujera. "Wato aski ɗaya kuke biya sau biyu."

"Sau ɗaya da rabi," in ji mai fenti, mutum mai son gaskiya. "Ba ya yi mana nauyi. Kowa ya ɗauki kaɗan, shi ke nan."

Mai Rasit ya buɗe baki zai ce ai haka asusun lafiya ma yake, Direba ya taka masa ƙafa.

Ranar ba a yi aski ba. Kakaki ya cire ƙyallen daga wuyan Direba, ya ninke shi, ya rufe shago rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifi autarsa. Da a ce guduwa suka yi zuwa tsallaken titi, da ya san abin da zai faɗa, har da ƙari. Amma mutum ya zauna maka a kujera, ya miƙa maka wuyansa, ya san ba ka gani, ya biya ka, ya yi godiya, wannan ba shi da jawabinsa.

A gida ya tsaya a bakin ɗakin girki ya ce yana da maganar da za ta girgiza ta.

"Idon ne?" in ji matarsa, ba ta ko juyo ba.

"Ke ma?"

"Wata nawa kana gaishe da rigar da na rataye a bayan ƙofa? Har tambayarta kake ya iyali."

Ya sa aka tambayo masa farashin aikin a asibitin kuɗi. Da aka kawo amsa ya auna: kujera, injuna, madubi sabo da tsoho, har ƙofar shagon, duk in an sayar ido ɗaya za su gyara. Mutum ya samu ido ya rasa inda zai yi aski da shi. Ya kwana biyu yana cewa gara ya ajiye sana'ar da mutuncinsa. Matarsa ta ce to, ta tambaye shi a wane ɗaki yake so ya riƙa yin jawabin, don ta san inda za ta kwashe kayanta.

Da sassafe suka tafi asibitin unguwa, shi da baƙin tabarau, ita riƙe da gefen rigarsa. Layin ya kai bakin ƙofa. Ya ƙudurta ba zai ce uffan ba, kuma ya cika alkawari har zuwa lokacin da na kusa da shi ya ce kai, gwamnati ta yi ƙoƙari. Kafin a kira su, rabin bencin ya san inda ya kamata a sa inji.

"Baba, katinka," in ji nas.

Ya miƙa. Ta ɗaga shi sama, ta hure gashin da ya manne a jiki, ta dube shi, ta dubi matarsa.

"Sista, ina da sharaɗi ɗaya. In za a faɗi yawan waɗanda suka amfana, a cire ni."

"Baba, tun da ka zauna a bencin can aka ƙidaya ka. Buɗe idon."

Suka tura shi babban asibiti, babban asibiti ya sa shi a jerin masu jira. Jiran ya yi tsawo, ya kuma ba shi hujjoji sababbi fil. Kullum yana buɗe shago, amma bai ƙara taɓa inji ba. Yakan zauna a benci cikin jama'a, in wani ya cire hula sai ya nuna masa titi. "Je ka tsallake. Ta gaba za ka bi, ba ta bayan fenti ba. Ka kuma biya shi cikakke." Watannin nan cefanen gida ya rame, shi kuwa bai tambayi matarsa daga ina sauran yake fitowa ba, ko da yake Direba ya yawaita zuwa gaishe da ƙanwarsa.

Aka yi aikin a idon dama. Na hagu aka ce sai layi ya sake zagayowa. Ranar da likita ya yarda ya koma aiki, Kakaki ya tsaya a tsakiyar shagonsa yana kallon bango, da kanta, da fuskokin da ke benci ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, haka ka tsufa ba wanda ya gaya mini?"

"Kai ma ka duba madubin, ai biyu gare ka."

Direba ya hau kujera. Ba a taɓa yin aski mai shiru irin wannan a shagon ba. Kakaki ya karkata kai yana bi da ido ɗaya, a hankali, sai ƙarar inji. Da ya gama ya kakkaɓe, ya shafa hoda, ya ɗora ƙaramin madubi a ƙeya. Direba ya duba hagu, ya duba dama, ya biya, ya fita.

A bakin ƙofa ya tsaya. Hannun dama hanyar gidansa ce, hagu shagon fenti. Benci biyu suka miƙa wuya. Kakaki ya yi kamar yana goge almakashi. Direba ya dubi hular da ke hannunsa, ya cusa ta a aljihu, ya yi dama, kai a buɗe, yana tafe a tsakiyar layi yana gaishe da mutanen da bai saba gaisarwa ba.

Mai Rasit ya gyara murya. "To Baba, yanzu me ka ce game da asusun?"

Kakaki ya kaɗe ƙyalle.

"Ido biyu na biya wa, ɗaya aka yi. Na gaba!"