Matar da Na Koya wa Juya Majinyaci

Ni dai Allah Ya yi ni da baki, in na fara bayani ba na jin kira. A shekarata ta biyu a Alƙahira, ina digiri na biyu a aikin jinya, na ɗauki bincike a kan matan da ke kula da tsofaffi a gidajen masu hali. Na kasa su gida biyu: nas masu takarda, da waɗanda suka koya a bakin aiki. Nawa kawai in kunna rikoda, in yi tambaya, in saurara. Sauraron ne ya gagare ni.

Akwai wata Bahaushiyar Sudan, sa'ar mahaifiyata, tana jinyar wani tsoho mai shanyewar ɓarin jiki a unguwar Dokki. Ina ganinta da koɗaɗɗen mayafi da silifa, ko tambaya ban yi ba, na jefa ta gida na biyu. Muka zauna a kicin, ta haɗa mini shayi. Ta ce takan juya tsohon don kada bayansa ya yi gyambo. Ai kuwa na miƙe, na ɗauko matashi, na shiga gwada mata yadda ake yi, har da cewa, "Inna, ku da ba ku yi makaranta ba, a nan kuke kuskure."

Ta ce, "Tamam, 'yata. Allah Ya ƙara sani."

Sai da na zauna kwafe hirar a takarda na ji ɓarnar da na yi. Sau biyu tana cewa, "Lokacin da nake riƙe da ɗakin tiyata," ni kuwa ina bi ta kanta da surutu. Wallahi kunya ta rufe ni, ni kaɗai a ɗaki amma na rasa inda zan sa fuskata.

Na koma wurinta. Ashe shekara ashirin da ɗoriya ta yi tana nas a babban asibiti, takardunta suna can Sudan, a gidan da yaƙi ya raba ta da shi. Na ce, "Haba Inna, me ya hana ki tsayar da ni?"

"Ke baƙuwata ce, kuma na ga kina jin daɗin koyarwar. Ma'alish, ba komai."

Abu ɗaya ta roƙa: in rubuta ta nas a littafin binciken nawa, ko a takarda ɗaya a shaida ta taɓa zama. Na ce an gama, har da dukan ƙirji.

Malamar da ke duba aikina ta ce ƙa'ida ƙa'ida ce, babu takarda babu nas. Ko in cire hirar gaba ɗaya, ko ta zauna cikin marasa horo. Hirarta ta fi ta kowa tsoka, babi guda a kanta ya tsaya. Ko musu ban yi ba, na bar ta inda na jefa ta.

Da na gama, ta aiko tana son ganin shafinta. Na ce a faɗa mata da Turanci ne. Ta sake aikowa cewa ba komai, ai a asibitinsu ma da Turanci suke rubuta rahoton majinyata. Har na bar Masar ban kai mata ba.